Mashin ɗin Kawu da ya ƙi shiga firi sai an kashe shi

Cikin sanyin Janairu ne, irin sanyin Funtua ɗin nan da sai wajen goma na safe kake iya riƙe sifana ba tare da hannunka ya ƙage ba, Kawu ƙanen mahaifiyata ya shigo shago a kan mashin ɗinshi. Tun kafin ya tsaya na lura da wani abu, ya matse kuloci har ƙarshe, ya taka birki, amma mashin ɗin yana ta fizgarshi gaba kaman akuyar da ta hango dusa. Ya sa ƙafa ƙasa yana ta wasa da giya, ya taka ta faɗa ɗaya, ya ɗago ta tsallake biyu, firi dai ta ƙi samuwa. Da ya gaji sai ya murɗe makulli, injin na mutuwa ya taɓa giyar sau ɗaya tak ta shige firi salin alin.

Ya kalle ni yace "ka gani ko ɗan nan? Giyabos ya tafi. Tambayo mun kuɗin na hannu."

Nace Kawu sauko mu gaisa tukun, giyabos ɗinka lafiyarshi lau. Bai yarda ba, kuma ban ga laifinshi ba, don duk wanda giya ke ba wahala giya zai zarga. Amma abun da ya yi a gabana shi ne shaidar. Da matsalar a cikin giyabos take, ko injin na aiki ko a kashe za ta yi gardama. Giyar da ke shiga sumul in an kashe injin, ta kuma ƙi in yana aiki, tana gaya maka ne cewa har yanzu ƙarfin injin yana isowa gare ta duk da an matse kuloci. Wato kulocin baya saki gaba ɗaya, yana ja.

Mashin ɗin irin na Chana ne mai injin samfurin CG 125, wanda asalinshi Honda ce ta fito da shi a 1975 daga baya kamfanoni barkatai suka kwafa. Aikin da Kawu ke yi da shi ba na wasa bane, buhun masara biyu yake ɗaurawa daga ƙauye zuwa kasuwar Dandume, hanya rabi burji rabi yashi, ga gangare ga hawa, kuma mutum ne mai son riƙe kuloci rabi-rabi in ya shiga yashi. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin wurin ba, kulocin wannan injin fayafayai ne guda 9 a jere cikin baƙin mai, 5 masu faiba 4 na ƙarfe zalla, ana sa ɗaya a bi shi da ɗaya. Masu faibar kunnuwansu na cikin hausin, wato kwandon da injin ke juyawa, na ƙarfen kuma haƙoransu na kan cibiyar da ke juya giya. Sifirin 4 ne ke matse su wuri guda su zama abu ɗaya. In ka ja hannun kuloci, waya ta ja ɗan ƙarfen da ke kan murfin dama, shi kuma ya danne sifirin ɗin, fayafayan su rabu. To duk rabuwar nan da nake faɗa bata fi kaurin ƙwayar shinkafa ba, kuma ita za a raba wa fayafayai 9. Shi yasa abu kaɗan ke ɓata lissafin.

Ciwon kuloci kuma iri biyu ne, suna gaba da juna. Akwai ja, ka matse amma bai saki ba. Akwai sulɓi, wanda muke ce wa silif, ka saki amma bai kama ba, injin na ihu mashin baya gudu. Wasan da ake bari a hannun kuloci, ɗan lilon nan da hannun ke yi kafin ka ji waya ta fara nauyi, shi ke tsakaninsu. Wasa ya yi yawa, rabin jan da kake yi ya tafi a banza, sai ja. Wasa ya ƙare, waya na danne da sifirin ko ka saki hannu, sai silif.

Na zaunar da Kawu a benci na aiki yaro ya karɓo mai shayi, na fara yi mai tambayoyi irin na likita, don na san mashin baya wayar gari haka kawai. Da ƙyar labarin ya fito. Wai tun kaka abun ya fara, kaɗan-kaɗan, in ya sa giya ɗaya sai ta yi ƙara gau mashin ya ɗan zabura. Ya tsaya wurin wani yaro a bakin hanya, yaron ya ɗaure wayar tam kaman tsirkiyar gurmi, ko ɗigon wasa bai bari ba. Kuma fa abun ya yi, Kawu yace sati biyu yana sa wa yaron albarka. Sai ranar nan yana hawa wani tudu da kaya ya ji injin ya ɗau kuka, mashin na tafiya kaman ana riƙe da shi ta baya, ga wani ƙauri na tashi. Haka ya ci gaba da lallaɓawa kusan wata guda. Daga nan wani abokin sana'arshi ya ba shi shawara wai mai ne ya yi ruwa, ya sa mai kauri zai kama, aka tsiyayo mai man giya irin na manyan motoci aka ƙara a kan wanda ke ciki. Da silif ɗin bai daina ba shi da kanshi ya sassauta wayar, ya kuma wuce gona da iri. Jan ya dawo, ya ma fi na da.

Ni kuma ƙa'idata daga waje nake farawa, daga abun da baya cin kuɗi, sai ya gagara nake kwance murfi.

Na fara da auna wasan. A nan mutane ke rikicewa sabida lamba biyu ke yawo. Littafin CG 125 cewa yake milimita 10 zuwa 20, amma a can bakin hannun ake aunawa, wurin ɗan dunƙulen ƙarshe. Masu Boxer kuma za su ce maka milimita 2 zuwa 3, wannan a gindin hannun ne, ratar da ke buɗewa tsakanin hannun da mazauninshi. Kusan abu ɗaya suke faɗa, wurin awon ne ya bambanta. Na sha ganin wanda ya ji 2 zuwa 3 ya je ya auna a bakin hannu, shikenan ya kashe wasan ya ƙona kuloci. In ba ka da rula, faɗin yatsa ɗaya a bakin hannun ya isa. Na Kawu yatsu biyu har da ɗoriya na samu.

Wurin saiti biyu ne. Na sama a gindin hannun, bututu mai zare da faifan kulle da ake juyawa da yatsa, wannan na ɗan gyaran yau da gobe ne. Na ƙasa kusa da injin, noti biyu sun sa wani ɗan ƙarfe a tsakiya, shi ne na babban gyara. Na saman Kawu an warware shi har saura zare biyu ko uku yake rataye, kana taɓa shi yana rawa, kuma haka ake cinye zaren mazaunin. Na mayar da shi ciki gaba ɗaya na dawo da shi juyi biyu, na sauka ƙasa na sassauta notin kulle na ja wayar har wasan ya kusa daidai, na ɗaure, sannan na koma sama na ƙarasa da yatsa ya tsaya wajen milimita 15. Tsagar bututun na juyar da ita ƙasa don kar ruwa da ƙura su riƙa shiga, kuma ban bari ta yi layi ɗaya da tsagar faifan kullen ba.

Muka ɗora shi a dabul sitan tayar baya ta tashi, na buga kik, na matse kuloci na sa giya ɗaya. In lafiya ake taya kan ɗan juya a hankali, mai ne ke janta, ka sa takalmi ka tare ta tsaya injin ko a jikinshi. Wannan kam gudu take kaman ban matse komai ba, da na taka birkin baya silo, wato juyin da injin ke yi ba a murɗa totur ba, ya faɗi injin ya nemi mutuwa.

Sai na tsaya na kalli hannun da kyau, abun da ya kamata in fara yi tun farko. Kawu ya naɗe mariƙin da robar tsohon tib, zagaye a kan zagaye, wai sanyi da girgiza na sa hannunshi sagewa, mariƙin ya yi kauri kaman taɓarya. Hannun kulocin kuma ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe ciki. To ka haɗa biyun, kafin hannun ya gama tafiyarshi ya riga ya daki roba. Na kwance shi na ga ramin kusar da yake juyawa a kai ya cinye ya koma kaman ƙwai, wannan shi ma wasa ne na ƙarya, kana auna shi a matsayin wasan waya alhali hannun ne ke lilo a kan kusa. Wayar kuma da na zare ta, kusa da kan da ke shiga hannun silla uku sun tsinke sun yi cirko-cirko. Waya in ta fara haka miƙewa take kaman roba in an ja ta, kana ja a sama rabin jan ne ke isa ƙasa.

Muka sa sabon hannu da sabuwar waya, na ɗiga mata mai ta sama har ya fito ta ƙasa, na shafa giris a kusar, na sa yaro ya warware robar Kawu na ta mita. Jan ya ragu sosai, amma yana nan.

Sai mai. Da na kwance notin ƙasa abun da ya fito baƙi ƙirin ne, yana zuba a hankali kaman maɗi, ga warin man giya ga ƙauri. Na tara a gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, saura kaɗan ta cika, injin da cikinshi wajen lita ɗaya ne. Mai mai kauri a safiyar hunturu manne fayafayan yake yi, ko sun rabu yana jan ɗaya da ɗaya, in kuma ya yi yawa abun ya ƙaru. Na wanke ragar tace mai, na zuba 20W-50 na mashin mai tambarin JASO MA a jikin galan. Wannan tambarin ma'auni ne na Japan na injin da kulocinshi ke wanka cikin mai, shi nake nema kafin sunan kamfani. Man ƙananan motoci na zamani kuma wasunshi an sa musu sinadarin ƙara santsi, a mota alheri ne, a mashin silif yake jawowa. Awon kuma a irin wannan injin ba a ɗaura sandar awon, ɗora ta kawai ake a bakin ramin a ciro, mashin na tsaye cak.

A nan na yi nawa kuskuren. Lokacin rana ta take, na zaga da mashin ɗin layi biyu ba kaya, giya na shiga, firi na samuwa in ka lallaɓa. Na san labarin tudun nan da ƙaurin da ya ji, na ga kalar man da idona, ya kamata in ce a buɗe. Amma ga mutane na jira, ga Kawu na kallon agogo, kuma gaskiya ina jin daɗin in ce mai ka ga ba giyabos bane kuma ban ci maka kuɗi ba. Nace Kawu an gama. Yace Allah ya yi albarka, ya tafi.

Kwana huɗu ya dawo, ko sallamar kirki bai yi ba. "Ɗan nan aikin naka na rabin hanya ne." Wai da safe lafiya lau, amma in ya yi tafiya mai nisa injin ya ɗau zafi sai jan ya dawo, kuma in zai tashi da kaya mashin sai ya riƙa karkarwa yana fizga kafin ya kama. Na hau na zaga sosai har ya yi zafi, na rage wasan zuwa milimita 10, jan ya ɗan lafa amma ina sa giya huɗu a ƙaramin gudu na murɗe totur sai injin ya tashi gudu bai ƙaru ba. Na mayar 20, silif ya ragu ja ya dawo. Na yi ta kai da kawowa tsakanin nan, babu wurin da duka biyun suka bari. Lafiyayyen kuloci yana da fili a tsakiya inda ba ja ba silif, in ka nemi filin nan ka rasa to ka ajiye sifanarka mai lamba 12, waya ta gama nata, maganar tana ciki.

Na juye sabon man a roba mai tsabta, muka cire kik da salansa da wayar, na kwance kusoshin murfin dama. A wannan injin kafin hausin ya fito sai ka cire kofin tace mai da ke kan karanshaf, notinshi mai tsaga huɗu ne yana da soket ɗinshi na musamman, masu bugunshi da kurfi da guduma su ke lalata shi. Cikin kofin cike yake da baƙin laka mai tauri, garin faibar da ta ƙone ne, da sukudireba na kankare shi. Kusoshin sifirin huɗun na sassauta su kaɗan-kaɗan ina tsallakawa, wannan sai na gabanshi, don kar farantin da ke danne sifirin ɗin ya karye.

Fayafayan ƙarfen na fitowa na miƙa wa Kawu ɗaya. Maimakon fari ya yi shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa, tabo-tabo, kalar ƙarfen da ya sha wuta. Ina da wani gilashin taga mai kauri da nake ajiyewa don wannan aikin kawai, na goge shi na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya ina danna gefe da yatsa. Biyu sun kwanta lif. Biyu kuwa kana danna nan can ya ɗaga, har ƙara suke ƙyas ƙyas a kan gilashin. Iyakar da littafi ya yarda da ita milimita 0.2 ce, na zura fila gej, siririn ƙarfen auna rata, mai wannan kaurin ta shige ƙarƙashinsu ba ta ko taɓa ba. To faifan da ya kantare ko an buɗe mai hanya sai ya ci gaba da gogar maƙwabtanshi, in ya yi zafi kuma ya ƙara kantarewa, shi yasa abun ke tashi bayan doguwar tafiya. Masu faibar sababbinsu wajen milimita 3 ne, ana zubarwa in sun sauka 2.6, na Kawu uku sun sauka ƙasa da haka kuma duk sun yi ƙyalli sun taurare kaman bayan faranti. Sifirin ɗin na jera su a kan gilashin, ɗaya ya fi sauran gajarta ƙarara, zafi ya kashe shi, ga dalilin karkarwar nan, matsin ba daidai yake ba.

Wato silif ɗin wata gudan nan da waya a ɗaure, buhu biyu a baya, shi ya dafa komai. Ƙaramin jan da ya fara da shi a kaka, wanda ina kyautata zaton waya ce kawai da ta fara tsinkewa da robar mariƙi, an yi maganinshi da abun da ya haifo babban ja.

Hausin ɗin ma da nashi. Inda kunnuwan faiba ke zama sun sassaƙa ramuka a jikin yatsun kwandon, ka bi da farce ka ji gargada kaman bakin lauje. Aluminiyam ne, kullum kunnuwan na dukanshi, balle mai tashi da kaya a yashi. Faifai in ya faɗa ramin nan baya son zamewa ya rabu ko an sake shi.

Nan muka yi ciniki da Kawu, wanda ya fi aikin kanshi wahala. Shi faiba kawai yake so a canza don ita ce mai araha kuma ita kowa ke canzawa. Nace Kawu in ka ɗora sabuwar faiba a kan kantararren ƙarfe kafin wata biyu za ka dawo, kuma ni za ka zaga. Ya yarda da faiba 5, ƙarfe 4, sifirin 4 da sabon fakin murfi, wanda ke hana mai yoyo. Hausin kam yace ko alama, sai ya sayar da waken da ya ajiye. To ramukan basu yi zurfi can ba, sai na sa magagari mai laushi na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, tudun kawai nake kwantarwa ba ramin nake bi har ƙasa ba, ina ƙirga shafa don kowane yatsa ya samu daidai da ɗan uwanshi, in ba haka ba yatsa biyu ne za su ɗau duk dukan. Na gaya mai gaskiya wannan lallaɓawa ce, an ƙara wa kunnuwan fili, za su koma sassaƙa kuma da sauri fiye da da. Na wanke shi da fetur sosai don garin aluminiyam kar ya bi mai.

Sababbin faibar na jiƙa su a baƙin mai muka je sallar azahar muka dawo, ba a sa su a bushe. Jerin kuma da faiba ake farawa da ita ake rufewa. Na ɗaure kusoshin sifirin a tsallake kaman yadda na kwance, da hannu ba da ƙarfi ba don ƙananan kusoshi ne suna tsinkewa, na mayar da kofi da murfi, na zuba mai, na sa wasa a 15.

A dabul sitan taya ta ɗan juya kaman mai jin barci, na sa takalmi ta tsaya. Don gwajin kaya na ɗauki yarana biyu a baya muka nufi wani hawa da ke bayan unguwa, giya huɗu na murɗe totur, injin ya yi nishi ya ja, bai yi ihu ba. Muka tsaya da zafinshi na taɓa giya da ɗan yatsan ƙafa, koren fitilar firi ta kawo.

Wajen juyowa ne na kama wani abun, na karya kan mashin dama gaba ɗaya sai na ji hannun kulocin ya yi tauri wasan ya ɓace. Ashe ranar da muka sa sabuwar waya yaron ya bi da ita ta bayan ƙarfen fitila maimakon cikin zoben da aka yi mata, ni kuma ban duba ba. Kwana huɗun nan duk kwanar da Kawu ya sha ta dama yana ɗan matse kuloci bai sani ba. Muka zare ta muka bi da ita hanyarta, na juya kan hagu da dama har ƙarshe ina taɓa hannun, wasan bai motsa ba. Wannan ban gaya wa Kawu ba sai yanzu in wani ya karanta mai.

Nace ya dawo bayan sati biyu don sababbin fayafayai suna zama, kuma a wannan injin faiba na cinyewa wasa raguwa yake ba ƙaruwa ba, wanda bai sani ba sai ya wayi gari waya ta ɗaure kanta. Ya dawo ranar da ya taso daga Dandume, wasan ya sauko wajen 10, juyi ɗaya na mayar da na sama ciki. Na nuna mai yadda zai sa yatsa a bakin hannun duk safiya kafin ya buga kik. Robar kuma ya mayar da abarshi, amma a mariƙin totur kaɗai, na hagun ya sa safar hannu. Hausin ɗin da na goge yana ɗan kacau-kacau a silo in an saki kuloci, waken kuma har yau yace farashi bai yi ba.